Farar Rigar Kawu

A duk faɗin kantin da na yi aiki a unguwar Treichville ta Abidjan, ɗaki ɗaya ne ke da na'urar sanyi, shi ma ba don mu aka sa ta ba, don magani aka sa. Kanti ne babba kusa da tashar jiragen ruwa, irin wanda za ka shiga neman allura ka fito da katifa. Akwai ɓangaren shinkafa da mai, akwai na atamfa, akwai na tukwane da fitilu, sannan can ƙurya, bayan wata ƙofar gilashi, akwai ɓangaren magani da muke kira farmasi. Mu 'yan Adam muna dahuwa a ƙarƙashin kwano daga safe har yamma, ƙwayoyin ciwon kai kuwa suna zaune cikin sanyi kamar matan minista. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Dokar tufafi a kantin ba ta da wuya. Masu farmasi farar riga suke ɗorawa a kan kayansu, sauran ma'aikata shuɗiya. Mai farar riga ne kaɗai yake da ikon wuce ƙofar gilashi ya tsaya a ciki yadda yake so.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya samo mini aikin, shi ne kuma ya fara lura cewa farar riga ba daga sama take faɗowa ba, tela ne ke ɗinka ta. Aikinsa ɗaukar kwalaye ne daga magaza, wato ɗakin ajiya, ya kai kowane ɓangare. A cikin kwalayen akwai na magani, don haka a lissafinsa shi ma rabinsa ɗan farmasi ne. Ya je wurin wani tela a Adjamé aka ɗinka masa tasa, har da aljihu uku da ɗan koren kuros, alamar masu magani, a ƙirji. Ya wayi gari ya shiga da kwali a ka, ya ajiye, ya samu kujera ya zauna. Ba wanda ya kore shi.

Daga nan kowa ya gane hanyar telan. Mai auna shinkafa ya ɗinka, mai share ƙasa ya ɗinka, mai gadin ƙofa ma ya ɗinka, yana riƙe da kulki cikin farar riga. Ni sabulu da man shafawa nake sayarwa, na ce ai fata ma lafiya ce, na ɗinka tawa. Duk wanda zafi ya ishe shi sai ya ɗauki ko kwalin ashana ne, ya haɗe fuska, ya tura ƙofar gilashi kamar an aike shi. Shef ɗinmu, wato manajan kanti, wani gajeren mutum mai son ɗaura kwala, bayan an fara wannan abin aka kawo shi, sai ya ɗauka haka ya gada. Har yabonmu yake yi a gaban baƙi, wai ma'aikatansa masu tsabta ne.

Mu sanyi kawai muke nema, da an tashi sai mu naɗe riga mu cusa a jaka. Kawu ne kaɗai yake tafiya gida da tasa a jiki.

Sai na ɗan koma baya a nan. Kawu ya zo Abidjan daga ƙasar Tawa yana saurayi, shi da sa'o'insa. Duk suka zama 'yan kasuwa, wannan yana shigo da albasa, wancan atamfa, wani kuma kayan mota kwantena-kwantena. Shi Kawu ya gwada goro ya ruɓe, ya gwada agogo aka sace, ya gwada takalma ruwa ya shiga shagon. Ƙarshe ya kama aikin albashi. A cikin mutanenmu kuwa, mai aikin albashi ana gaishe shi ne da ɗan tausayi, kuma a wurin suna ko ɗaurin aure can kusa da takalma ake ba shi wuri.

Da farar riga ta shigo Saint-Michel, unguwar da Kawu yake zaune, sai wurin zamansa ya fara matsowa gaba. Aka fara kiransa Likita. Shi bai taɓa cewa shi likita ne ba, amma bai taɓa cewa ba shi ba ne. Mata suna kawo masa yara da yamma, sai ya taɓa goshi, ya ce a fito da harshe, sannan ya ce gobe a je asibiti. Sau da yawa shi yake raka su, ya yi musu Faransanci, masu gadin asibiti su ga fari su buɗe ƙofa. Bai taɓa ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba, wannan zan shaide shi a ko'ina. Amma alhazawan da suka zo tare da shi, masu motoci da gidajen haya, sun koma matsa masa wuri a kan kilishin zama, kuma hakan ya fi masa albashin daɗi.

Bayan an karya darajar kuɗin sefa magani ya yi tsada, masu saye suka ja baya. Aka yi ta lallaɓawa 'yan shekaru, har masu kantin suka gaji. Wata rana Shef ya tara mu a gaban buhunan shinkafa, ya ce an sayar da farmasi ga wata Madam mai ilimin magani, wadda ke da shagunanta a wasu unguwanni. Za ta kwashe magani, da kantoci, da na'urar sanyi, da ma'aikatan ɓangaren. A cikin ma'aikatan za ta riƙe masu takardar aikin magani, sauran kuma sai haƙuri.

Wani ya tambaya ta yaya za a san ma'aikatan ɓangaren. Shef ya ɗaga kai ya dube mu, ya ga fari daga nan har bango. Na ga lokacin da ya gane cewa shi ma bai sani ba. Ya gyara kwalarsa, ya ce abin ai a fili yake: ranar Litinin da Madam za ta zo, mai fari ya bi ta, mai shuɗi ya zauna a kanti.

Matsalar ita ce ba wanda ke da shuɗiyarsa. Tawa tuni na yayyanka ta nake sauke tukunya da ita. Mai gadi ya aika wa mahaifinsa tasa ƙauye. Mai auna shinkafa ya ce tasa akuya ta ci, ba mu yarda ba, amma ba mu da lokacin gardama. Kanti kuma ya ce ba shi da sababbi. Muka ruga wurin tela, ga Sallar Layya saura 'yan kwanaki. Duk wanda ya san telolin Adjamé a gabanin Salla ya san ko uwarsu ce ta zo sai ta bi layi. Telan namu bai ma ɗago kai daga keke ba, ya ce mu dawo bayan Salla da sati biyu, in Allah ya kai mu.

Ni ce na kawo shawarar rini, kuma har yanzu ina ganin shawara ce mai kyau. Akwai wata 'yar Jula mai rinin shadda a bayan kasuwar Guro, muna kiranta Tanti. Na tattara rigunan kowa na ƙulle a zane, na ɗora a ka na kai mata. Ta zaro ɗaya, ta murza yadin tsakanin yatsu, ta shinshina.

"Wannan ba yadi ba ne, roba ce," in ji ta. "Ba ya shan rini."

Na ce, "Tanti, ba aure za mu je da su ba. Yini ɗaya kawai muke so su yi shuɗi."

Ta ce, "Yini ɗaya in ba ku yi gumi ba."

Na ce ba za mu yi ba. A Abidjan na faɗi haka, da bakina.

Riga ɗaya ce babu a cikin ƙullin, ta Kawu. Da la'asar na wuce gidansa, na same shi a ƙofar ɗaki yana wanke ta da kansa. Inna, matarsa, tana gefe tana tsince shinkafa, ta yi mini ido, na gane an riga an yi zagaye na farko kafin in zo.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Kawu, kowa ya ba da tasa. Kai kaɗai ka rage."

Ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a."

"In ka je da fari korarka za a yi. Ba ka da takarda."

"Na ji, ɗiyata."

"Ka bari a rina wannan. Bayan Salla sai a ɗinka maka wata fara, ka riƙa sawa a unguwa. Wa zai sani?"

Ya ajiye sabulu ya dube ni kamar na zagi kakanninmu. "Mutanenmu kullum suna hanyar tashar jirgi, ta gaban kantin suke wucewa. Su gan ni da shuɗi, da buhu bisa kai, sannan da marece in sa fari a kawo mini yara? Mi kike so in ce musu?"

Inna ta ce, "Malam, ka ce musu kana da iyali."

Ya ci gaba da cuɗa kwalar rigar.

A kwanakin da suka rage mun yi duk dabarar da mace biyu za su iya. Inna ta ce ya kawo ta goge masa, ya ce ya iya guga. Ta ce maɓalli ya kusa cirewa, ya ce ta ba shi allura. In zai shiga wanka sai ya shiga da ita ya rataye a ƙusa ta ciki. Masallaci ma da ita yake zuwa a ƙarƙashin babbar riga, ana ganin farar kwala tana leƙowa. Wata rana Inna ta yi kamar tuntuɓe ta watsa mata miyar manja, da nufin in ta ɓaci dole a rina. Ya zauna da lemun tsami da toka har ya fitar da tabon, rigar ta fi da fari. Na ji haushinsa ƙwarai, don ina sonsa, kuma na san albashin nan shi ke riƙe da gidan.

Ranar Litinin garin ya tashi da irin zafin nan mai ɗanshi da ke zuwa kafin ruwa. Mun haɗu a tashar bas ta Adjamé, kowa ya karɓi tasa. A hannu sun yi kyau, ba laifi. Muka sa tun daga nan, don Shef ya gan mu mun shigo da su kamar kullum haka muke. Kawu ya tsaya can gefe cikin farinsa, bai ko kalle mu ba.

Bas ta zo a cike, muka ƙara cika ta. Kafin mu kai Plateau na ji wani abu yana gangaro mini a wuya, na shafa, na ga yatsuna shuɗi. Na dubi mai gadi, na ga gumi yana sauko masa daga kwala zuwa hannu, layi-layi. Duk inda ɗayanmu ya jingina sai ya bar shaida. A kan gada direba ya taka birki, mai auna shinkafa ya faɗa kan wata mata mai farin leshi, da ya ɗago sai ga shi an buga shi a bayanta, har da aljihu. Matar ta zage mu da Faransanci, ta koma Baule, da ta ga ba mu ji da kyau ba ta ƙarasa da Jula. Muna ta cewa yako, yako, wato sannu, ita kuwa tana tambaya wane kamfani ne ke sakin irinmu a titi.

A haka muka jera a gaban Madam. Ba riga biyu da suka zo launi ɗaya. Wata ta yi launin sararin sama, wata ta yi ruwan toka, tawa ta koma wani irin ja-ja da ban san sunansa ba. Zaren ɗinkin bai sha rini ba ko kaɗan, maɓallai ma haka, koren kuros kuwa yana nan a ƙirjin kowa yana kallon jama'a. Shef ya zo da fara'arsa ya ba mai gadi hannu, ya janye, ya duba tafinsa, ya ɓoye shi a baya.

Madam doguwar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta bi layin a hankali tana dubanmu. Da ta zo kaina ta tsaya, ta dubi wuyana, ta tambayi Shef ko wata cuta ce ta shigo kantin. Shef ya ce a'a, sabon yayi ne na ma'aikata. Na ga kafaɗunta suna rawa, ta ciro hankici ta rufe baki kamar tari ya kama ta.

Abin da ya cece mu ba rinin Tanti ba ne, tsoron Shef ne. In ya ce mu 'yan farmasi ne, sai ya yi wa masu kanti bayanin yadda fiye da rabin ma'aikata suka ƙare a ɗaki ɗaya yana kallo. Don haka ya ɗaga murya ya ce shi dai shuɗi yake gani, kowa ya koma bakin aikinsa. Ba mu koma ba, muka laɓe bayan tukwane muna leƙe.

Masu fari suka rage. Akwai masu takarda, su Madam ta ce su biyo ta. Akwai 'yan mata da samari da suka yi shekaru suna aikin farmasin da gaske, suna jera magani suna ba masu saye, amma ba su da takarda. Su aka sallama. Wannan ɓangaren ba ya ba ni dariya. Mu da muka shiga don shan sanyi muka tsira, su da suka yi aikin suka fita da jakunkunansu. Sannan akwai Kawu, a ƙarshen layi, ya miƙe ƙyam, rigarsa har ɗaukar ido take.

Shef ya yi masa adalci, ba zan ɓoye ba. Ya matso kusa ya ce, "Tsoho, kai ai na magaza ne. Cire wannan ka koma, zan nemo maka shuɗiya."

Ni ma daga bayan tukwane na ce da Hausa, "Kawu, don Allah ka cire. Ba kowa a nan."

Da gaske ba kowa. Kanti a rufe yake saboda zuwan Madam, ba mai saye ko ɗaya, ba ɗan unguwarmu ko a bakin titi. Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai. Da a gaban alhazawa ne da na ce kunya ce.

Madam ta tambaye shi cikin ladabi, "Baba, wane ɓangare kake?"

Ya gyara tsayuwa, ya ce da Faransancinsa na tashar mota, "Ni farmasi ne."

Ta nemi takarda, ya ce babu. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma ba za ta iya riƙe shi ba. Ya ce ba komai, ya gode. Ya gaisa da ita, ya gaisa da Shef, ya fita ta babbar ƙofa a hankali, hannu a aljihu. Ni kuma da aka buɗe kanti na yini ina sayar da sabulu da hannu shuɗi, ina ƙunƙuni, masu saye suna tambaya ko sabulun ne ke yin haka.

Da aka tashi ban je gida ba, na wuce Saint-Michel da faɗa cike da bakina. Na tarar tsakar gidan hayar ta cika. Labari ya riga ni isa, amma ya canja kaya a hanya, wai an sayar da asibitin Likita an rufe. Maza sun zo jaje, an shimfiɗa tabarmi, alhazawa sun sa shi a tsakiya suna ba shi haƙuri. Shi kuma yana zaune cikin farar riga yana amsawa da kai, yana cewa haka duniya take.

Na shiga wajen mata, inda Inna da maƙwabta ke dafa shayi da zuba acheke, wato dambun rogo, a faranti. Suka ga wuyana, aka yi dariya har wata ta zauna a ƙasa. Da dariyar ta lafa sai wata tsohuwa, matar babban mai albasa, ta ce, "Allah sarki Likita. Yanzu wa zai riƙa ɗaukar musu kwalayen?"

Na ce, "Hajiya, wane kwalaye?"

Ta ce, "Na kantin mana. Ai maigidana kullum yana ganinsa da kwali a ka in ya wuce. Wa bai sani ba?"

Na dubi sauran matan, ba wadda ta yi mamaki, kowa na ci gaba da abin da take yi. Wata ta ce tun farko da wasa aka fara kiransa haka, sai sunan ya zauna, kuma tunda yana raka mutane asibiti ba ya gajiya, aka ga ya ci sunan. Wata ta ce har yara sun sani, an dai hana su faɗa.

Raina ya ɓaci. Mutum ya zubar da aikinsa don ya ɓoye abin da duk unguwa ta sani. Na miƙe zan fita in gaya masa a gaban kowa, ko ya tashi gobe ya je ya roƙi Shef tun wurin bai cike ba. Inna ta kama ni a wuyan hannu, ta ja ni bayan ƙofa.

Na ce, "Inna, ke ma kin sani, kika bari ya tafi?"

Ta ce, "Na buɗe baki sau nawa a satin nan, na kasa. Ki gaya wa mutum shekara da shekaru ana lallaɓa shi ne, sannan ki ce ya tashi ya je aiki? Da wace ƙafa? Aikin ya riga ya tafi, ki bar masa abin da ya rage."

Ta sake ni, ta ɗora mini faranti a hannu, ta ce in jira baƙi su ragu in kai masa, tun safe bai sa komai a cikinsa ba.

Bayan magariba mutane suka watse, na same shi shi kaɗai a kan tabarma. Da ba kowa a gefensa sai na ga ya tsufa, rigar ma ta yi masa yawa a kafaɗa. Na ajiye farantin, na zauna nesa kaɗan. Ya dube ni, ya ce in nemi kalanzir in goge wuyana kafin mijina ya gudu. Na ce to. Ya juya cokali, sannan ya waiga ya tabbata ba mai ji, ya rage murya.

"Ɗiyata, ke kina cikin mata. Ba wanda ya gane, ko?"

Faɗan da na ɗauko tun daga Treichville yana nan a bakina. Na haɗiye shi.

Na ce, "Ba wanda ya gane, Kawu."

Ya sauke numfashi, ya ce alhamdu lillahi. Ya naɗe hannun rigar a hankali don kada mai ya taɓa ta, ya jawo farantin ya fara ci.